Na je Kalaba na tarar da kacalarsu

Ni ɗan fadama ne. A gefen kogin Haɗeja aka yanke mini cibiya, kuma tun ban isa shiga makaranta ba na iya zama a kwale-kwale ba tare da na kifar da mutane ba. Shi ya sa ranar da ƙanina, wanda ya fi shekara goma yana sayar da albasa da tattasai a Kalaba, ya ce in na zo zai kai ni in ga ruwa, dariya na yi masa a waya. Na ce, "Kai yaro, ni za ka nuna wa ruwa?" Ya ce, "Yaya, ka dai zo."

Na je cikin Janairu, bayan an watse daga bikin kanibal, wato raye-rayen titi da suke yi a Disamba, masauki ya yi sauƙi, gari ya huce. Na sauka a Bogobiri, unguwar da mutanenmu suka yi kaka-gida. In ka rufe ido da magariba, ga hayaƙin tsire, ga kiran salla, ga 'yan canji suna yi maka sannu da zuwa, sai ka rantse kana Fagge. Abin da zai tona asiri shi ne zufa. Hunturu ne a gida, mutane na jin wuta da asuba, amma a nan riga tana manne maka a baya tun hantsi.

Kwana biyun farko yawon gari muka yi. Mun hau tudun da tsohon gidan Turawan mulki yake, wanda aka mayar gidan tarihi, ginin katako da aka ƙero a Birtaniya aka kawo shi gunduwa-gunduwa cikin jirgi aka harhaɗa a 1884. Mun kuma leƙa wurin da ake renon wani irin gwaggon biri mai baƙar fuska sumul kamar an shafa mata shuni, wanda duk duniya ba a samunsa sai a jihar Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Wasu Amurkawa biyu suka kafa wurin a 1991, suna karɓar 'ya'yan da mafarauta suka kashe wa uwa. Wani babban namiji ya zauna ya ƙura mini ido har sai da na kau da kai. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

A bakin ruwa wani saurayi ya tare mu, bakinsa kamar na mai maganin tasha. Cikin awa biyu, in ji shi, zai nuna mana kada da aku da biri da ayu, har ma da kifin da ya fi mota. Ƙanina ya ja hannun rigata muka wuce. Akwai wata mata da ta daɗe tana sarin albasa a wurinsa, mijinta masunci ne, dattijo mai furfura, shi ya yarda zai ɗauke mu in mun zuba mai muka kuma biya shi kamun ranar da zai rasa. Ete muke ce masa, wato baba a harshen Efik. Shi kuma Alhaji yake ce mini, ko da yake har yau Allah bai kira ni ba. Yana magana da Turancin buroka, inda na kasa kamawa ƙanina ya fassara.

Abu na farko da ya sauke mini girman kai shi ne maganar lokaci. Ete ya ce lallai mu tashi kafin rana ta ɗaga, don ruwa zai tafi. Na ce ya tafi ina? A wurinmu ruwa sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ya cika wajen Agusta da Satumba, ya malale fadamu, sannan ya ja da baya a hankali har wata damina. A can kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, kullum ta Allah, kuma kowace rana yana jinkirta zuwansa da kusan minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jansa. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, cikar takan yi ƙarfi, janyewar ma haka. Ete ba ya duba kalanda. Yadda mu muke leƙen wata sau biyu ko uku a shekara, don azumi da salla, shi kowane dare yake leƙensa don abincinsa. Na karanta wannan a aji tun ina yaro, har na ci jarrabawa a kai, amma sai da na ga turakun gadar katako da na taka da safe sun tsaya tsirara da rana, sun fi tsayina, sannan na yarda.

Muka gangara kogin Kalaba ta wajen da yake nufar teku. Gari ya ɓace a bayanmu, sai ga kore ta dama, kore ta hagu, bango guda har iyakar gani. Ganye dogaye kamar na tukurwa, suna fitowa kai tsaye daga cikin ruwa ba gangar jiki, iska na kaɗa su suna walƙiya. Mutumin da ya baro ƙurar hunturu shekaranjiya, ya ga wannan, ai sai tasbihi. Na ciro waya na shiga ɗauka. Na ɗauki hoto ya fi talatin, na yi bidiyo na tura wa uwargida, ina ta faɗin Masha Allah.

Ete ya yi tsaki.

Na ɗauka injin ne ya ba shi haushi. Sai ƙanina ya ce, "Yaya, wai ya ce abin da kake ɗauka hoton nan shi ya cinye musu kogi."

Sunansa nipa. Wani irin kwakwa ne, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya. Turawa suka kawo shi Kalaba daga Singafo a 1906, don ya riƙe gaɓar kogi kada ruwa ya zaizaye ta. Gaɓar kam ya riƙe, sai dai ya ƙi tsayawa inda aka ajiye shi. Gangar jikinsa a kwance take cikin laka, tana rarrafe tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. 'Ya'yansa suna fitowa a dunƙule, curi guda kamar kan mutum, in sun nuna su warwatse su faɗa ruwa, cikar teku ta kwashe su ta kai duk lungun da ta ga dama. Da na lura sai na ga ruwan cike yake da su, suna ta yawo kamar ƙwallon goruba, wasu har sun fara tsiro tun suna tafe. Duk inda aka sare itacen asali aka bar fili, su suke riga kowa isa. Yau sun bazu ta yamma cikin Neja Delta, ta gabas sun shiga Kamaru. A can ƙasarsu ana tatsar ruwansu a yi sukari, ana jinka da ganyen. A nan kusan ba mai taɓa su.

Na ajiye wayar a cinya, kunya ta rufe ni, don na san wannan labarin, na san shi tun daga farkonsa. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan kogin namu ya daina yin yadda ya saba, wato ya cika ya kuma ƙafe. Wurare da yawa suka koma ruwa na kwance shekara cur, kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana jefa taru, ta zama masaukin jan-baki da ke sauka a kan gero da shinkafa kamar hadari. Gonar mahaifinmu ta bakin ruwa tana cikinta har gobe, na san wurin, amma ko da adda ba ka isa. Kuma na tuna wani baƙo da na taɓa rakawa wajen Nguru, ya tsaya a kan kwalbati yana ɗaukar kacala hoto yana cewa bai taɓa sanin Arewa na da kyau haka ba. Ranar har cikin raina na zage shi. Ga ni yau a kogin wasu, da hula da waya, ina yin abin da ya yi.

Na ba Ete labarin kacala, ƙanina na fassarawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko ana cinta. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce to 'yan uwa ne.

Daga nan ya karkata jirgin ya shiga wani ɗan rafi da ni ban ma ga bakinsa ba, muka yi ta kwana har na rasa gabas. Sannu a hankali nipa ta fara sirancewa, sai ga itatuwan da ya ce su ne masu gida. Mangurof ake ce musu, ba mu da suna a Hausa don ba mu da su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan wannan daji, abin da ban taɓa ji a bakin kowa a gida ba.

Wanda ya san ceɗiya, yadda saiwoyi ke saukowa daga rassanta, ya kama hanya. Sai dai wannan itacen gaba ɗayansa a kan saiwoyin yake tsaye, kamar mai tsallake kwata ya tattare riga. Saiwoyin suna fitowa daga jikinsa sama da ruwa, su lanƙwasa kamar baka su soki laka, wani ya hau kan wani, har ba ka gane na wannan da na wancan. Dalilin haka yana cikin lakar. Ete ya soka filafili ya ɗago, baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Babu iska a cikinta, don haka itacen ta saiwar da ke waje yake numfashi. Gishirin ruwan kuma tun a saiwa yake tace mafi yawansa. Akwai wani iri dabam da muka gani a inda ƙasa ta ɗan tashi, shi nasa saiwoyin tsirowa suke yi daga ƙasa tsaye, dubbai, kamar an kakkafa fensir, kuma shi ta ganye yake fitar da gishirin. Ete ya tsinko ganye ɗaya ya ce in lasa. Na lasa. Gishiri ne sosai, na miya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake haihuwa. Irin ba ya jira ya faɗi ƙasa. Tun yana rataye a jikin uwar yake tsira, ya yi tsawo ya yi tsini kamar kwanson zogale, sannan ya saki. In ruwa ya janye, ya soki laka ya tsaya kamar an dasa. In ruwa ya cika, ya yi ta yawo har ya samu wurin zama. Na ciro guda daga ruwa na riƙe, yana da nauyi a gindi, an gina shi don ya faɗi a tsaye.

Ete ya kashe inji. Shirun wurin ba shiru ba ne sosai, akwai wani ƙas-ƙas da ɗis-ɗis ta ko'ina, laka na tsotsar ruwa, abubuwa na motsi. Ruwa ya riga ya fara tafiya, gaɓa ta buɗe, sai na ga lakar tana da rai. Ƙaguwa ƙanana, ɗaruruwa, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, yana ɗaga ƙaton yana saukewa kamar ɗan kamasho na kiran fasinja. Da inuwata ta faɗa kansu, ɗif, duk suka shige rami. Sannan ga wani kifi da ya sa na yi salati. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, idanunsa a saman ka kamar na kwaɗo, ya fito daga ruwa yana tafiya a kan laka da fukafukansa na gaba, yana ja da jiki kamar gurgu. Ɗaya har ya hau saiwa ya zauna. Mu muna da gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta yi barci har damina ta dawo, kuma ina alfahari da ita. Amma gaiwa ɓuya take yi. Wannan shi harkokinsa yake yi a tudu, yana kiwo, yana faɗa da maƙwabci a kan taki ɗaya na laka, in ya ji jikinsa ya bushe ya mirgina a ɗan ruwa ya ci gaba.

Kallon nan ne ya ja mana. Kafin mu ankara ruwa ya gudu ya bar mu, jirgi ya zauna daram a kan laka. Ete bai ko damu ba, ya ce zai dawo, ya ciro garin rogo ya jiƙa. Mun fi awa biyu a wurin. Wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani suka yi mana rubdugu, cizonsu ya fi na sauro zafi, sati guda ina susa. Azahar ta yi, na miƙa hannu cikin ɗan ruwan da ya rage na yi alwala. Tun a zaure aka karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, na haddace, ban taɓa zaton zan kurkure baki da shi ba. Muka yi salla a zaune, ƙanina na duba alƙibla a waya, Ete ya juya mana baya don ya ba mu wuri.

Muna nan zaune wasu mata uku suka ɓullo, laka har gwiwa, kowace da bokiti, suna tsintar wani ɗan dodon koɗi mai tsini da ake zubawa a miyar ƙasar. Suka gaisa da Ete, suka dube ni da babbar riga a tsakiyar laka, suka kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba. Ete ya ce a cikin nipa ba a samun wannan tsintuwa yadda ake samu a nan, kuma taru ba ya shiga. Tsakanin saiwoyin nan ne ƙananan kifi da jatan lande suke girma, inda manya ba sa iya bin su, sai sun yi ƙwari su fita teku. Busasshen jatan landen da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari, mai yiwuwa a irin wannan lungu ya yi yarinta.

Da ruwa ya dawo, a hankali kamar mai jin nauyi, muka biya ta wani sansanin masunta. Bukkoki a kan turaku, hayaƙi ta ko'ina, kifi jere a kan waya ana banda. Itacen da ke cin wuta a ƙasa kuwa, tsibi-tsibi, mangurof ne. Sun ce yana kamawa ko da ɗanye ne, yana daɗewa, yana ba kifi launi mai kyau. Wato hannun da ke kukan nipa shi ke share mata fili. Na so in faɗi haka, sai na tuna yawan buhun gawayin da ke shiga gidana kowane wata, da inda ake saro shi, na haɗiye maganata. Mutumin da ba shi da firji ba shi da wutar lantarki, kifinsa zai ruɓe kafin gobe, da me zai yi banda?

A nan na tambayi Ete labarin ayu. Ya ce akwai, amma shi kansa ya daɗe bai gani ba, sai dai wani lokaci a ga inda ya ci ciyawa a gaɓa. Dabba ce mai shayarwa, tana fitowa ta shaƙi iska, yawanci tsiro take ci, ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara guda. Tana nan a kogin Binuwai da na Kwara ma, kuma doka ta hana kashe ta. Na gaya masa yadda ake tallar man ayu a tashoshinmu, kwalba-kwalba, da abin da ake cewa yana yi wa maza da mata. Ya yi dariya har da tari. Ni dai lissafina, in duk abin da ke cikin kwalaben nan na gaske ne, to ayu ya fi shanun Fulani yawa. In kuma kashi ɗaya cikin ɗari ne na gaske, shi ma ya isa ya ƙarar da su.

Kada ba mu gani ba. Biri mun ji motsinsa a sama, wutsiya kawai na hanga. Mun ga guza a kan reshe, da zalɓe iri-iri, da wani ɗan tsuntsu shuɗi mai jan baki da ya faɗa ruwa kamar an harba shi ya fito da kifi. Wanda ya biya kuɗi don a jera masa namun daji kamar a gidan zu, zai koma yana cewa an cuce shi. Wurin ba ya ba da kansa da sauri, kuma ba a shirya shi don baƙi ba. Ba wani allo, ba mai rakiya da aka horar, rigar ceto ma sai da ƙanina ya aro. Akwai kuma maganar tsaro. Ete ya nuna mana wata mashiga ya ce daga nan ba ya wucewa, saboda 'yan fashin ruwa. Can gaba ta wajen gabas Bakasi ce, wadda kotun duniya ta ba Kamaru a 2002, aka kammala miƙa ta a 2008, a nan Kalaba aka yi bikin. Yana da dangi da suka taso daga can. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tona ba.

Duk da haka, in za a tambaye ni, da a ba ni jirgi mai rumfa da lasifika da saurayi mai haddar Turanci, gara a sake ba ni Ete. Da wancan saurayin na bakin ruwa muka bi, da na dawo gida da hoton nipa talatin ina nuna wa mutane dajin Kalaba, ba wanda zai yi mini tsaki.

Rana ta yi ja muna kan hanyar komawa, sai muka ji kuka a sama, wani irin fito haɗe da ƙara. Ete ya nuna da haɓa. Aku ne, guda shida ko bakwai, suna tafe da sauri can ƙololuwa za su wurin kwana, in sun karkata sai jan wutsiyar ya haska. Tun ina yaro akwai wani attajiri a unguwarmu mai aku a keji, yana cewa "salamu alaikum" yana kwaikwayon tarin maigidan, mu yara mu taru muna ba shi gyaɗa. Ban taɓa tambayar daga ina aka kawo shi ba. A raina aku abin keji ne, kamar yadda agogo yake abin bango. Kamun da ake yi musu ya kai har a 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikin na daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ban ɗaga waya ba, har suka ɓace. Ƙanina ya ce, "Yaya, ba ka ɗauka ba." Na ce na gani.

A bakin gada na ce wa Ete sosongo, kalmar godiya ɗaya da na koya, na ƙara masa wani abu a kan abin da muka yi ciniki. Ɗan mangurof ɗin da na riƙe tun rana na miƙa masa, ya sunkuya ya soka shi a lakar gefen gadar, ba tare da wani biki ba. Ni kuma ya ɗebo ƙwallon nipa guda daga ruwa ya ba ni, wai in kai wa kacala tsaraba.

Tana nan a kan talabijin ɗina, ta bushe ta yi ruwan ƙasa. Na san ruwan gishiri take so, da wuya ta yi rai a wurinmu. Amma na tara yaran gidan na gaya musu, duk wanda na kama ya nufi bakin kogi da ita, ni da shi ne.